Zara'u, Wadda Ta Zana wa 'Ya'yanmu Gimbiya Mai Kama da Su

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Maris 2025, cikin watan azumi, Allah ya karɓi ran Malama Zara'u Na Allah a gidan likita na Tasawa, bayan ciwon hanta da ya kwantar da ita tun farkon sanyi. An kai ta makwancinta a Tchaké, garin iyayenta. Ta bar mijinta Malam Lamine da 'ya'ya uku, ta kuma bar mu, matan unguwarta a Mayahi, da nauyin da ba mu san inda za mu sauke shi ba.

Yaya Zara'u, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da naki. Ke kika koya mini girkin taron suna, ke kika kwana a kaina lokacin da na haifi Ihsan babu kowa nawa a kusa. Mutane da yawa za su faɗi irin wannan a kanki, don ba ki da rowar hannu. Ni abin da nake son rubutawa daban ne.

Shekarar da Ihsan ta shiga ajinki a lakwal, wato makarantar boko, yara sun shirya wasan ƙarshen shekara, kuma akwai gimbiya a ciki. Ihsan ta ɗaga hannu. 'Yan ajin suka fashe da dariya, suka ce gimbiya ba ta yin baƙi haka, ita dai ta yi mai riƙe wa gimbiya mafici. Ba mugunta ba ce. Abin da suke gani ne kullum a finafinan zane da muke kunna musu a waya. Ko wadda aka ce gimbiyar Afirka ce, sai ka gan ta kalar shayi da madara, da siririn hanci, da gashi har gadon baya. Da aka fita hutun rabin rana, kika tarar da Ihsan ita kaɗai a bayan allo, ta niƙe alli ta shafe fuskarta da wuyanta.

Da kanki kika riƙo hannunta har gida. Kika ɗebi ruwa a randata, kika wanke ta a hankali, ba faɗa. Ni kuwa na kasa ɗaga ido. Abin da kika ce mini kawai shi ne, "Ramlatu, ɗiyar nan ba ta taɓa ganin kanta a cikin wayar nan ba. Bari mu nuna mata."

Ba ki taɓa karatun zane ba, sai dai hannunki ya iya fidda fure a ƙyalle. Kika fara zana yarinya a takardun da aka gama amfani da bayansu, baƙa wuluk, da kitson shuku, da tsagar gidanku a kumatu. Kika sa mata suna Gimbiya Lantana. Kina zana hoto, ki ɗauka da waya, ki ɗan gusa hannunta ko ƙafarta, ki sake zanawa. Damina biyu kina wannan aiki, bayan koyarwa da girki da raino. Labarin gajere ne: rijiyar gari ta ƙafe, manya sun zauna suna gardama, gimbiya ta bi sawun awaki har ta gano inda ruwa yake. Yaran ajinki suka yi muryoyin, kuma Ihsan ce ta yi muryar Lantana.

Ranar da aka haska shi a jikin bangon lakwal, yara sun yi ta tsalle suna nuna juna, kowace tana cewa da ita aka zana. Mu manya muka ɓata ranar. A layin mata aka yi ta raɗa cewa aikin ya yi kyau, da dai an ɗan haska yarinyar. Wani uba ya ce wannan ai ta fi kama da mai tallan fura. Kina tsaye kusa, kin ji duka, kika ci gaba da naɗe wayar wuta kamar ba da ke ake ba.

Daga baya wani baƙo daga Yamai ya ga fim ɗin a waya, ya zo har gida. Ya ce zai kai shi inda za a gyara shi ya shiga duniya, amma sai an rage baƙin, an goge tsagar, an saki gashin. Kika shayar da shi kunu, kika saurare shi har ya gama, kika ce masa irin waccan gimbiyar sun yi yawa a kasuwa, ba sa bukatar taki. Da yawanmu mun ce kin yi wauta.

Ko a gadon jinya kina tambayar ko an nuna wa yaran Attantané da na Gidan Amumune fim ɗin, kamar yadda aka yi miki alkawari. Aka riƙa cewa sai bayan salla.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a zaman makokinki. Muna zaune a tsakar gidan mahaifiyarki, wata dattijuwa mai ƙaunarki da gaske ta share hawaye ta ce, "Allah ya jiƙan Zara'u. Baƙa ce, amma kyakkyawa." Mata suka amsa da amin. Autarki Husaina, wadda ta ɗauko fatarki sak, tana jingine da ƙafata. Ta ɗago ta tambaye ni a hankali, "Inna Ramlatu, me ya sa ta ce amma?" Na duba matan da ke wurin, kowace ta sunkuyar da kai. Na jawo ta jikina na yi shiru, kuma har yau shirun nan yana cina.

Yaya, mun daɗe muna ɗora laifi a kan masu zana finafinai a ƙasashen da ba su san mu ba. Suna da nasu. Amma kalmar da ta soki Husaina daga bakinmu ta fito, a gidan kakarta, kafin ƙasar kabarinki ta bushe.

Ya Allah, ka gafarta wa baiwarka Zara'u, ka yalwata kabarinta, ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ka karɓe ta da albarkar watan da ta tafi a cikinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Lamine, da Misbahu da Khalil da Husaina, da Inna A'ishatu da ta binne 'yarta da ranta, da dukan dangi na Tchaké da Mayahi. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ta bari. Mu kuma da muka rage, Allah ya gyara mana harsunanmu a gaban 'ya'yanmu, ya sa mu cika da imani.

Ramlatu Gazali, Mayahi