Idon Gesine da Maki Ɗari Uku

Matso kusa, jawo kujera, shayin nan bai huce ba tukuna. Bari in ba ka labarin Gesine Oltmanns ta ƙauyenmu, wadda ta shekara talatin da ɗaya tana tuƙa bas daga Norden zuwa bakin teku, ko kaza ba ta taɓa takawa ba. Tana hango mai keke tun yana kamar ƙuda a kan hanya. Da wannan idon ta ci abinci, shi ne kuma ya so ya kayar da ita.

Mijinta Hinnerk shi ne na biyar a ƙungiyar masu harbi da ƙaramar bindigar iska. A watan Maris ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ƙaurace masa. Kwana shida na mako yana kwance, fuska ga bango. Ranar Alhamis kaɗai yake nuna koriyar kwat ɗin ƙungiya da hannunsa mai lafiya, ta tura shi a keken marasa lafiya zuwa ɗakin harbi da ke ƙarƙashin tsohuwar makaranta. A can yake cin abinci, a can ta taɓa jin ya yi dariya.

Sai hukumar gari ta aiko: in ƙungiyar ba ta shiga gasar gunduma bana ba, ɗakin zai koma ma'ajiyar kujeru. Gasa sai da mutum biyar, saura huɗu. Sabon shiga kuma sai ya kawo maki ɗari uku a harbi arba'in kafin a rufe rajista. Samari duk sun tafi birni. Gesine ta ɗauki bindigar mijinta, saura mako shida.

Okko, tsohon mai gyaran rufi, shi ke koyarwa.

"Tsaya a kaikaice, direba. Buɗe ƙafa daidai kafaɗa. Hannun hagu a aljihu. A'a, ba sitiyari ba ne, kada ki shaƙe ta! Riƙe ta kamar kina gaisawa da fasto."

"Faston namu hannunsa kamar jiƙaƙƙen biredi ne."

"To kamar kina gaisawa da ni."

Tsayuwa ta zauna, numfashi ya zauna. Ta koyi ɗaga hannu sama da takardar da ake harba, mai da'irorin maki, ta sauko a hankali, ta koyi matsa kunama sannu sannu har harbin ya fita ba da saninta ba. Kowace safiya tana riƙe kwalbar ruwa a miƙe a kicin har kafaɗa ta ɗauki wuta. Amma ramukan sun warwatsu kamar an watsa wa kaji hatsi. Ɗari biyu da arba'in. Ɗari biyu da hamsin da biyu. Ɗari biyu da talatin da takwas.

"Ina kike kallo?" in ji Okko.

"Baƙin tsakiya mana. Ba shi zan harba ba?"

"Sau nawa zan faɗa? Tsinin saitin da ke kan hancin bindiga za ki kalla. Takarda ki bar ta ta dushe."

"Haba, tsoho! Shekara talatin ana ce mini in duba nesa. Direban da ya kalli hancin motarsa gawa yake ɗauka."

"Nan babu ɗan makaranta da zai tsallaka. Mita goma ne, takarda ba ta gudu."

Ta yi ƙoƙari, na rantse maka. Sai ta kafa ido a tsinin, da yatsa ya fara matsawa, idon ya tsere gaba da kansa kamar kare ya ga ƙofa a buɗe. Alhamis ta ƙarshe ta kawo ɗari biyu da sittin da ɗaya. Ta shiga bayi ta kunna famfo don kada a ji kukanta. Da ta fito, Hinnerk yana ta dukan jakarta da hannunsa. Ta zaci magani yake so. Ya ture maganin, ya zaro gilashinta na karatu, wanda take sawa in za ta zura zare a allura.

"Da wannan? Maigida, ko fuskar Okko ba zan gani ba."

"Ba abin da za ki rasa," in ji Okko. "Sa shi."

Ta sa. Takarda ta zama toka toka, kamar fitila a cikin hazon teku. Ƙafarta ta dama ta nemi birki. Amma tsinin ya fito baƙi ƙirin, kuma idon ya rasa inda zai gudu.

Asabar da safe, ranar rufe rajista, su uku ne a ɗakin. Hinnerk ya sa koriyar kwat ko da yake ba Alhamis ba ce. Ta harba arba'in cikin hazo, sau shida tana sauke hannu in ya fara rawa, ta sake ɗagawa. Okko ya tara takardun yana lissafi da fensir.

"Ɗari biyu da casa'in da biyu, banda wannan." Ya ɗaga ta ƙarshe zuwa fitila. "In ramin ya taɓa layi, takwas ne, kin cika. In bai taɓa ba, bakwai." Ya murza ido, ya laluba aljihu. "Ma'aunin rami yana wurin su gunduma, idona kuma ya tsufa. Ke ce mai gilashi. Duba."

Ta karɓa. Da gilashin, tsakanin ramin da layin akwai fari siriri kamar gashin jariri. Ta cire gilashin, ramin ya rungumi layi sarai. Ta waiwaya. Hinnerk ya ɓalle maɓallin kwat ɗinsa na sama da kansa, abin da ya yi wata bakwai bai iya ba, yana ƙoƙarin mayarwa, yana kallon bakinta. Okko ya ɗora fensir a kan takardar rajista, agogon bango ya ce saura minti ashirin ƙarfe sha biyu ta yi, a rufe rajista.

Kai da ka zauna ka ji, da a hannunka takardar take, da wane ido za ka duba?