Ɗan Farin Matar Bambeye

A shekarun farko na 'yancin kai aka turo ni garin Tawa, in koyi kula da masu damuwar zuciya a hannun wani dattijon ma'aikacin likita. A lakol, wato makaranta, an koya mana yin tambaya kai tsaye, ni kuma ina tsoron kauce wa abin da aka koya mini.

Wata rana aka kawo wata mata daga Bambeye. Ɗanta na fari ya rasu a lokacin kaka, tun daga nan ta bar cin abinci, duk ta rame. Mijinta ya ce ko hawaye ba ta yi ba. Ina ganin kunya ce ta hana ta, don uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta yi kukansa a gaban mutane.

Dattijon ya sallami mijin, ya zauna a tabarma, ya daɗe yana gaisuwa. Sannan ya ce, "Inna, na ji surukarki ta yi rashin jika. Wane irin yaro ne?"

Can ta ce, "Jikan nata akwai ci. Ba ya ƙoshi."

"Ashe ɗan'uwana ne," in ji dattijon, yana shafa tumbinsa.

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta koma kuka. Muka ƙyale ta ta yi.

Ba zan ce ta warke ba, don ban sake ganinta ba. Amma kafin su kama hanya, da bakinta ta nemi kunu, ta sha rabin ƙwarya.