Ganyen da Yaya Ya Noma a Ɗaki

Yayana ne mutum na farko da na sani wanda ya sayi rana da kuɗinsa a Maiduguri. Garin da in kika shanya zani kika juya ɗauko na biyu, na farkon ya riga ya bushe. Garin da ko jaki ke neman gindin maina tun kafin azahar. A nan ne Yaya ya duba sama ya ga ranar Allah ba ta wadatar ba, sai an yi odar wata.

Amma kada in zalunce shi, abin da ya jawo hakan ba na dariya ba ne. Kakanmu fatauci ya kawo shi daga Kano ya zauna a unguwar Lamisula. 'Ya'yansa duk suka bi kasuwa, Baba kaɗai ya bi fartanya. Yana da gona a bayan gari. Da daji ya gagari mutane aka haƙa rami aka kewaye gari, sai gonar ta faɗa wancan gefen ramin. Abin da ya fito da shi a zuwansa na ƙarshe ƙulli ɗaya ne na irin rama, ɗaure a tsumman wani tsohon rawani. Ramarsa ce ta musamman, mai ganye yatsu-yatsu, mai ɗan tsami, wadda ya yi shekaru yana ware irinta da hannunsa. Ya sa ƙullin a aljihun gaba yana jiran hanya ta buɗe. A gida kuwa babu wurin shuka: tsakar gidanmu siminti ce, awakin Inna kuma ba su san kunya ba.

Hanya ba ta buɗe ba har hawan jini ya kwantar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Ina aure a Jiddari Polo lokacin, kusan kullum ina cikin keke mai ƙafa uku zuwa gida. Wata rana da rani ya kankama na tarar ya kwance ƙullin da hannunsa mai lafiya, ya sa ƙwaya ɗaya a haƙori ya gwada.

Ya ce, "Iri ma tsufa yake yi. In wannan bai ga ƙasa bana ba, a aljihuna zai mutu."

Damina na da nisa. Babu wanda ya faɗa da baki, amma dukanmu mun san Baba ba shi da tabbacin ganin ta.

Yaya yana da shagon kayan sola kusa da Kasuwar Kwastam, kuma mutum ne da ya yarda babu matsalar da waya da batir ba za su warware ba. Ya shiga wayarsa yana neman yadda ake noma a cikin ɗaki. Duk bidiyon da ya samu na wasu Turawa ne masu gemu da zane a damtse, a ƙasashen da doka ta bar su su noma wiwi. Na ce masa, "Yaya, ka san fa abin da mutanen nan ke shukawa?" Ya ce shi ba ruwansa da abin da suke shukawa, dabarar yake so.

Ya kwashe tarkacen ɗakin da ke jikin zaure, wanda tagarsa ke kallon layi. Ya lulluɓe bango da leda mai ƙyalli. Ya jera bokitai, ya rataya fanka, ya saƙalo wasu dogayen fitilu masu hasken shunayya. Tun da wutar gari sai ta ga dama take leƙo mu, sai ya ɗora farantan sola a kan kwano. Wato ya kama rana a saman ɗaki, ya ɗure ta a batir, sannan ya sake ta a cikin ɗaki bayan ya canza mata launi. Na yi ta neman inda ribar take, ban gani ba.

Sai maganar ƙasa. Buhuna suka iso da rubutun Turanci a jiki. Inna ta leƙa ɗaya ta toshe hanci.

"Wato taki ka sayo?"

"A'a, Inna, ba taki ba ne. Oganik ne."

"To me ke cikinsa?"

Ya fara lissafo mata da fuskar malamin asibiti: kashin jemage, kashin tana, garin ƙashi, ɓawon ƙwai, toka.

Inna ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Ashe duk shekarun nan oganik nake sharewa daga gindin mainar ƙofar gida ina tsine wa jemagu. Da ka faɗa mini ai da na yi arziki."

Baba ne ya shuka da kansa. Aka tallafo shi har ɗakin, ya dinga tura yatsa cikin bokiti yana sakin ƙwaya, har tsumman ya zama babu komai. Ba duka suka fito ba, amma waɗanda suka fito sun fito da ƙarfinsu. Kullum yana cewa wannan aiki hauka ne, kullum kuma da safe sai ya ce a kai shi. Ya zauna a tabarma, farin gemunsa ya koma shunayya, yana murza ƙasa a tafin hannu yana shinshinawa. Mutumin da ya yi watanni ba ya haɗa magana biyu ya dawo yana faɗa da Yaya a kan yawan ban ruwa. Wallahi na ji daɗi. Na daina tsokanar Yaya a gaban mutane, sai in mun keɓe.

Baki shi ke yanka wuya. Yaya ba ya iya yin abu ya yi shiru. A shago, duk wanda ya zo sayen ƙwan fitila sai ya ji labari: "Ganye nake nomawa a ɗaki. Ganye mai kyau, ko ƙwayar takin zamani babu." Sai ya zaro waya ya nuna hoto. A bakin Inna, ganye shi ne abin miya. A bakin samarin bakin kasuwa kuwa, ganye sunan abu ɗaya ne tak, wanda ake naɗewa a takarda. Ga hoton kuma: ganye mai yatsu, bango mai ƙyalli, haske shunayya, sak abin da ke cikin bidiyon masu gemu. Ga taga tana zubo wani irin haske a layi da zarar magariba ta yi. Yaya shi kaɗai ne a Lamisula bai ji abin da bakinsa ke faɗi ba.

Wata rana da hantsi wani matashi mai jajayen idanu ya yi sallama a zaure. Inna ta fito. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Hajiya, an ce akwai ganye."

Inna ta ji daɗi an san da noman ɗanta. Ta shiga ta tsinko masa na ƙasa-ƙasa cike da hannu, ta ce ya bar kuɗinsa. Har da nasiha: "Ka tafasa ka zubar da ruwan farko, ɗana, sannan ka sa ƙuli-ƙuli." Ya karɓa da hannu biyu, da alama ya ɗauka sabuwar dabara ce ta zo daga waje.

Ba a jima ba labari ya cika unguwa cewa gidanmu ana sayar da ganye, kuma tsohuwar da kanta ke miƙawa. Daga ɓangaren samari kuma wani labarin ya fito, wai ganyen jabu ne, ko tari ba ya sawa. Raina ya ɓaci har na rasa wanne zan fara ramawa, ƙazafin ko raina mana kaya. Har Jiddari Polo ƙanwar mijina ta tare ni da murmushi tana tambaya ko jikin Baba ne ya sa aka koma maganin gargajiya.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya yi mini ciwo shi ne ranar Juma'a. Tun da Baba ya kwanta, abokan sahunsa na masallaci sukan biyo bayan an sauko su gaishe shi. Ranar nan Inna ta shimfiɗa tabarma a zaure, aka sa masa farar riga, ya zauna yana kallon ƙofa har la'asar. Babu wanda ya shigo.

Lokacin kuwa ramar ta kai ƙirjin mutum, ta fara ɗaure kai za ta yi fure. Saura kaɗan ta ba da iri.

Bulaman unguwa ya zo da dattawa biyu, ina gidan. Tsoho ne Babarbare mai raha, sun daɗe da Baba. Ya yi ta gaisuwarsu ta "Wushe, wushe" har ya shiga ɗakin, hasken ya rina masa hula. Ya dubi bokitan, ya tsinki ganye ɗaya ya tauna, sai ya fashe da dariya har yana dafa bango.

"Wannan rama ne! Wallahi rama ne. Kai yaro, rama ne ka yi wa ɗakin amarya?"

Muka sauke ajiyar zuciya. Amma da ya gama dariyar sai ya gyara tsayuwa.

"Ni na gani, amma unguwa bai gani ba. Abu yana ɗaki a rufe da wuta kala-kala, me za ka faɗa wa mutane? Ku fito da shi ƙofar gida kowa ya gani da idonsa. Gani ya kori ji. Kwana biyu magana ya mutu."

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ba za su jure ba. Ba su san rana ba."

Dattawan suka kwashe da dariya. Shukar da ba ta san rana ba, a Maiduguri! Ga shi kuwa a duk tsawon wannan hidima, ranar ce kaɗai Yaya ya faɗi magana mai hankali, ita ce kuma aka fi yi wa dariya. Ya roƙa a ba shi lokaci kaɗan iri ya nuna. Bulama ya ce shi ba ya hana, amma maganar ta fara wuce unguwa, kuma jami'an da za su zo bayansa ba taunawa za su yi ba.

Kowa ya juya wajen Baba. Shi manomi ne, ya fi kowa sanin abin da ranar bazara ke yi wa ganyen da ya tashi a inuwa. Ya dubi shukar ya daɗe. Sannan ya dubi dattawan nan biyu, waɗanda ya yi rabin rayuwarsa yana haɗa kafaɗa da su a sahu.

Ya ce, "A fitar."

Washegari aka jera bokitan a ƙofar gida. Unguwa ta yi ɗango kamar ana rabon kayan agaji. Mata na tafa hannu suna cewa, "Lah, rama ce!" Waɗanda suka fi kowa yaɗa maganar su suka fi kowa rantsuwa cewa dama ba su taɓa yarda ba. Kafin la'asar ganyen ya yi fari-fari ya lanƙwashe. Yaya ya yi ta ɗibar ruwa, ya ciro zannuwan Inna yana yi musu rumfa, wani ya ce ai in an rufe ba a gani. A rana ta biyu kawunan furen suka zube a ƙasa. Na ga Yaya tsugune yana tsince su ɗaya-ɗaya, ƙato da shi yana share ido da hannun riga. Ban tsokane shi ba, kuma har yau ban taɓa ba.

Inna ta tsinke abin da ya rage mai ɗan rai, ta tafasa, ta yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa. Kwano ɗaya ya bayar, shi ma bai cika ba. Ranar ta kama Juma'a. Da aka sauko daga masallaci zaure ya cika, har da waɗanda ba su saba zuwa ba, kowa na tambayar jiki da murya mai taushi. Baba ya ce a kawo kwanon a ajiye a tsakiya.

"Bismillah," ya ce. "Gonata ce. Ku ci."

Suka sa hannu. Ɗaya daga cikin dattawan nan biyu ya lashe yatsa ya girgiza kai.

"Kai, Malam, rabona da rama irin wannan tun ana zuwa daji. Don Allah in an samu iri a ɗan sam mini."

Baba ya sa hannunsa mai lafiya a aljihun gaba ya zaro tsumman rawanin. Ya kwance shi da haƙori, ya shimfiɗa a kan gwiwa yadda kowa zai gani. Babu ko ƙwaya ɗaya a ciki. Sannan ya tattara bakin tsumman a hankali, ya sake ƙulle shi kamar da, ya mayar aljihu.