Fatar Goshin Damisa

Na yi 'yan shekaru ina aikin likitan dabbobi a wani gidan kula da manyan namun daji, can cikin rairayi bayan garin Dubai. Damisoshinmu irin na Indiya ne, masu ratsi-ratsi, kuma babu wanda ya taɓa ganin daji a cikinsu. Daga gidajen masu kuɗi aka kwaso su da hukuma ta hana ajiye su a gida.

Akwai wani tsoho a cikinsu da ya shiga raina. Tun yana ƙarami aka cire masa farata, aka goge masa fiƙoƙi, don 'ya'yan mai gida su riƙa ɗaukar hoto da shi a gaban mota. Tsokar kaza zalla aka ciyar da shi, ba ƙashi, har ƙafafunsa na baya suka lanƙwashe. In zai tashi sai ya yi nishi kamar dattijo mai ciwon gwiwa a sahun sallah. Da ya hango ni yakan huro iska ta hanci, furr, gaisuwarsu ke nan.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, mai shago a kasuwar Murshid Bazaar, yana loda kwantena zuwa Kano. Shi ya tarbe ni a filin jirgi, a ɗakinsa na unguwar Al Buteen na zauna har na sami aiki. Ban manta ba, shi ma bai taɓa bari na manta ba. Duk Juma'a bayan masallaci a shagonsa nake cin abinci, a kan kwalaye. A nan na nuna masa wani hoto da aka ɗauke ni ranar da muka yi wa tsohon allurar barci don mu cire masa ruɓaɓɓen haƙori, hannuna a kan goshinsa. Kawu ya ce in tura masa, zai nuna wa yayarsa, Ummata.

Da zaɓe ya matso a gida, sai ya ja ni bayan shago.

“Likita, na ji ka ce tsohon nan naku ya kusa?”

Na ce ƙodarsa ta gaza, sai dai jira.

“To, in ta faru, fatar goshi nake so. Shwayya, ɗan kaɗan kawai, kamar tafin hannu. Wani babban mutum ne zai tsaya takara, malaminsa ya ce a ɗinka masa laya da ita don kwarjini.”

Dariya ta ƙwace mini. “Kwarjini, Kawu? Dabbar da in motar ruwa ta yi hon sai ta saki fitsari?”

Ya ɗaure fuska. “Mushe ne fa. Ba ƙonawa kuke yi ba?”

Ƙonawa muke yi, gawar gaba ɗayanta, a gaban ma'aikacin hukuma. Na kawo masa maganar doka, da ɗauri, da kora daga ƙasa. Duk gaskiya ne, amma ba shi ne a raina ba. Tun haihuwarsa ake yankan wani abu a jikinsa don wani ya ji shi babba ne. Na so ko sau ɗaya a ƙyale shi da abin da ya rage masa.

Kawu ya ce khalas, shi ke nan, ya gane. Washegari Umma ta kira daga Kano.

“Ashe ka zama Bature? Ƙanina da ya riƙe ka ya roƙe ka fatar mushe, ka tsaya kana karanta masa doka?”

Daga ranar ta daina ɗaukar wayata. Ni da ko mura na yi sai na ji muryarta. Na rame, na yi ta tura gaisuwa ta bakin ƙannena, shiru.

Tsohon ya mutu da hantsi, ana saura kwana kaɗan zaɓe. Da kaina na raka shi wurin ƙonawa. Na shafa goshin, lafiya lau, na tsaya har ya zama toka. Na ce wa kaina ko ba komai wannan ɗin na tsare.

Bayan wasu watanni ina shagon tela a unguwar Satwa, wani ɗan kasuwa mutumin Nijar ya ƙura mini ido.

“Ai kai ne likitan damisa.”

Ya ciro waya, sai ga hotona, hannuna a goshin tsohon. Ƙarƙashinsa saƙon muryar Kawu ne, yana cewa ɗan yayarsa ne, da hannunsa ya yanko. Mutumin ya zaro wani ƙyalle daga aljihu, ya warware a hankali. Fatar jar akuya ce, an ja mata baƙin layi da rini. Ya yi ta yi mini godiya, har yana tambaya ko da saura. Ya ce mutane da yawa sun saya.

Ban kai ga zuwa shagon Kawu ba wayata ta yi ƙara, Umma ce. Muryarta a sake, kamar ba a taɓa yin komai ba.

“Kawunka ya faɗa mini ashe ka yi masa abin nan a ɓoye, tsoron hukuma ne ya sa ka yi shiru. Na san ba za ka kunyata ni ba. Allah ya yi maka albarka.”

Rabon da in ji wannan addu'a daga bakinta har na manta. Na so in faɗa mata fatar akuya ce. Na ce amin.