Fuskar Mai Koko

Har gobe ba zan manta da ranar da Masta Awudu ya kira ni teburinsa ya ce in zana fuskar matar da ban taɓa gani ba, wadda kuma ba ta da hoto ko ɗaya a duniya. Ku da kuka shigo shagon nan kwanan nan kun tarar ina gyaran fuskokin amare a allunan biki, ina goge ƙuraje ina ƙara haske har uwar amarya ta kasa gane 'yarta. A lokacin ma aikina ke nan, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Gani nake babu fuskar da za ta gagare ni.

Bari in fara da wasan, don na san yawancinku ba ku riske shi ba. A farkon shekarun dubu biyu, lokacin da kafe-kafen intanet suka cika unguwar Nima, akwai wani mai tsaron kafe da ake kira Sulley, Allah ya jiƙansa. Sulley ya kamu da son wasu wasannin kwamfuta na ƙasashen waje waɗanda babu harbi babu tsere a cikinsu. Mutum ɗaya kake tafiyar da shi daga wuri zuwa wuri, ka yi magana da mutane, ka tsinci abu nan ka kai shi can, har ka warware matsalar da ke gabanka. Sai ya zauna ya ƙirƙiri nasa, ya sa masa suna Ragon Baba. Wani saurayi ne ragon layyar gidansu ya tsinke ana jibi Sallah, yake bin lunguna yana nema. Tela ya ga inda ragon ya bi, amma ba zai faɗa ba sai ka samo masa almakashinsa. Almakashin yana wurin wanzami, shi kuwa wanzami ba ya buɗe baki sai ya sha koko. Haka za ka yi ta yawo kana zagin Sulley kana dariya.

Abin da ya sa wasan ya shiga ran mutane shi ne Sulley bai ƙago gari ba. Unguwar Nima ya zana, da lungunanta da mutanenta na gaske. Ni ba a barina shiga kafe a lokacin, sai in an aike ni kiran yayana, amma nakan tsaya bayan kujerarsa in yi ta kallo har a sake aiko wani ya kira mu duka.

Waɗanda suka buga wasan suna yara yanzu sun yi furfura, sun watsu a Jamus da Amurka da Saudiyya. Su ne suka haɗu a wani zauren hira na waya, suka nemi izinin iyalan marigayin, suka ce a sabunta wasan yadda zai yi aiki a wayoyin yanzu, ba don sayarwa ba. Masta Awudu ne shugaban aikin. Akwai masu rubuta umarnin wasan su biyu, ɗaya a unguwar Madina ta nan garin, ɗaya a ƙasar waje. Zane duka a hannuna yake. Tsarinmu shi ne in ɗauki kowane tsohon fage, in je wurin da ƙafata in gani, in dawo in zana shi sabo. Kowace Juma'a a tura wa 'yan zauren tsohon da sabon su gani. Ƙa'idar da Masta ya kafa ɗaya ce: ba ma ƙarawa, ba ma ragewa, sai dai mu gyara kuskure.

Zuwa ganin wuraren nan shi ya fi cin raina. Sai in je inda Sulley ya zana bishiyar darbejiya da bencin dattawa, in tarar da bene hawa uku. Shagon telan ya zama wurin tura kuɗi ta waya. Sau da yawa nakan tsaya riƙe da takardar tsohon zanen, masu wucewa suna bangaza ta, ina kewar unguwar da nake tsaye a cikinta.

Mun yi nisa da aiki sai muka iso fagen mai koko. Wata mata ce zaune a bakin lungu da babbar tukunya a gabanta. A tsohon wasan komai ɗigo-ɗigo ne na launi, fuskarta ba ta wuce girman ƙwayar wake ba, babu ido babu hanci. A sabon kuwa za ta kai girman tafin hannu a fuskar waya, dole a san me ke wurin. Ranar da aka tura tsohon fagen a zaure, kafin la'asar wani ya kira Masta daga Jamus. Sunansa Bashiru, yana aikin lodin kaya a wani sito. Masta ya saurare shi, ya yafito ni, ya miƙo mini wayar.

"Anti Ramatu, mai kokon nan Mma na ne, ita ta haife ni," in ji Bashiru. "Mma Adiza. A nan take zama, ƙofar gidanmu ce wannan koriyar."

Na ce Allah sarki, ya turo mini hotonta in zana ta yadda take.

"Babu hoto kraa, ko guda, Anti. 'Yar malamai ce, ba ta yarda da hoto ba. Ko a wurin suna mai hoto ya ɗaga na'ura sai ta ja mayafi. Na katin zaɓe ne kaɗai aka tilasta mata, shi ma ruwa ya ci shi shekarar da gota ta cika ta shiga ɗakuna."

Daga nan muryarsa ta sauya. Ya ce ta rasu lokacin ba shi da takardun zama, bai samu zuwa jana'iza ba. Ya ce yana tuna hannuwanta, yana tuna muryarta, amma in ya rufe ido fuskar ba ta zuwa, kullum ƙara nisa take yi. "Ki taimake ni in sake ganinta, ko a cikin wasa ne."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, wannan ƙaramin abu ne. Haka na faɗa, da bakin nan nawa.

Muka riƙa yin kiran bidiyo a lokacin hutunsa na rana, yana kwatantawa ina zanawa. Na yi ta farko, ya daɗe yana kallo ya ce ta kusa, amma goshin ba haka ba. Na gyara goshi, ya ce yanzu kuma bakin ne. Na yi wata sabuwa fil, na ɗauko idanunsa na sa mata, tunda an ce yana kama da ita. Ya ce kyakkyawar mata ce, Allah ya saka, amma bai san ta ba. Na fara hasala a raina, ina cewa mutum bai san fuskar uwarsa ba ya zo yana wahalar da ni.

Sai wata rana ya ce, "Anti, don Allah kar ki ƙara turowa. Jiya na rufe ido ina neman Mma, sai matar da kika zana ta zo. Ɗan abin da ya rage mini ma zai tafi."

Na zo in mayar masa da uwarsa, ga shi ina ƙarasa ƙwace ta daga hannunsa.

Masta Awudu ya ce, "Ramatu, mun yi alkawarin fitar da wasan kafin Babbar Sallah. Ko dai ki ba ta fuskar kowace mai koko mu wuce, ko ki je ki nemi waɗanda suka san ta. Na ba ki mako guda."

Bashiru ya kwatanta mini gidan aminiyar mahaifiyarsa, Hajiya Lariba, a unguwar Maamobi. Na yi sa'a ko rashinta, na tarar ana shirin suna a gidan, tsakar gida cike da tsofaffin mata ana girki. Na durƙusa na gaida su ɗaya bayan ɗaya, na faɗi abin da ya kawo ni. Kafin in buɗe jakata gardama ta kaure. Wannan ta ce Adiza doguwar fuska gare ta, waccan ta ce ƙarya ne, zagayayyiya ce. Wata ta ce tsaga biyu ne a kumatunta, wata ta rantse uku ne. Har a kan hasken fatarta ba su daidaita ba. Mata ne da suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya da ita, na zauna riƙe da fensir ban ja layi ko ɗaya ba.

Ana cikin haka mayafin Hajiya Lariba ya zame, hannuwanta duka biyu suna kan tukunya. Wata tsohuwa daga gefe ta ce, "Yi irin na Adiza mana!"

Hajiya Lariba ta yi dariya. Ta sunkuyar da kai wajen kafaɗar hagu, ta cafki bakin mayafin da haƙora, ta ɗago shi ya rufe mata kunci. Sannan ta ɗaga ludayi sama sosai ta tsiyayo, kamar mai sa koko ya sha iska. Tsakar gidan ta ɗauki shewa, ana cewa ita ce, wallahi ita ce. Sai kuma shewar ta mutu da kanta. Na ga wadda ta yi rantsuwa a kan tsaga uku tana share ido da gefen zane. A kan wannan babu wadda ta yi gardama.

Da zan tafi Hajiya Lariba ta rako ni har zaure, ta riƙe hannuna. "'Yata, na ji tausayin Bashiru paa, ba kaɗan ba. Amma matar da ta ɓoye fuskarta tana raye, ke ce za ki buɗe ta bayan ta kwanta?"

Na dawo shago na kunna tsohon wasan, na kai saurayin gaban mai koko na tsaya ina kallo. A gefen fuskarta akwai wani farin ɗigo da yake tsalle, ya hau ya sauka, duk sanda hannunta ya ɗaga. Tsofaffin wasanni cike suke da irin wannan ƙyaftawar, kuma mun riga mun sa shi cikin kurakuran da za a goge. Ashe ba kuskure ba ne. Bakin mayafi ne. Sulley ya sha kokon matar nan kowace safiya, ya ga abin da tsofaffin nan suka gani, ya zana shi da ɗigo ɗaya tilo da yake da halinsa.

Na gaya wa Masta ba zan yi mata fuska ba. Zan zana ta ta ɗan juya gefe, kai a sunkuye, mayafi a haƙora ya rufe kunci, tururin tukunya ya tare sauran. Ƙarfina duka zan sa shi a motsin.

"Za a ce mun yi ƙyuya," in ji Masta. "Kowa a wasan da fuskarsa sai ita?"

Na ce a faɗa, ni zan ɗauki zagin. Na tuna masa ƙa'idarsa ta cewa ba ma ƙarawa. Ya harare ni, ya ce in je in yi.

Kwanaki na yi a kan motsin nan, na koma Maamobi Hajiya Lariba ta sake gwada mini har ta ce na ishe ta. Da aka haɗa shi cikin wasan, Masta ya ce a fara tura wa Bashiru shi kaɗai kafin zaure. Bashiru ya kira mu ta bidiyo daga wurin aiki, yana zaune kan wani akwati da rigar sanyi, wasan a buɗe a wayar abokin aikinsa. Muna kallonsa ya tafiyar da saurayin har bakin lungu. Mai koko ta sunkuya, ta cafki mayafi, ludayi ya tashi sama.

Bashiru ya sa hannu ya toshe bakinsa. Ya daɗe a haka, kafaɗunsa suna rawa. Masta ya tashi ya fita waje wai zai amsa waya, alhali wayarsa tana hannuna.

"Ita ce," in ji Bashiru. "Anti, ita ce." Ya share fuska da hannun riga, ya sake kallo. Can ya ce, a hankali, "In na danna ta, ba za ta juyo ba?"

Na ce masa gaskiya. Na ce yini ɗaya ya ishe ni in sa ta juyo, amma fuskar da za ta juyo da ita tawa ce, ba tata ba. In yana so duk da haka, zan yi.

Ina jin ana kiransa da wani yare daga cikin siton, bai amsa ba.

"A'a, bar ta," ya ce. "Bar ta ta sallami mutane. Mu 'yan gida dama mu ake zuba wa a ƙarshe. Zan jira."

Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi nake so ku riƙe. Wanda ya kawo muku tsohon wasa ya ce a sabunta, ba kyan zane ne ya dame shi ba, sababbin wasanni masu kyau sun cika duniya. Akwai wanda ya bari a ciki, shi yake son komawa ya tarar. Don haka kafin ku goge ɗigo ku tambayi dalilin da ya sa aka ɗiga shi, kuma ku san inda ya kamata hannunku ya tsaya ko da kuna iya wucewa. Ni dai ranar ban ƙara taɓa aiki ba. Na kashe kwamfuta, na hau trotro, motar haya, zuwa unguwar Alajo wurin tsohuwata, na zauna ina kallonta tana tsince shinkafa, har ta ɗago ta ce, "Ke Ramatu, lafiya kike kallona haka?"