Taliya a Tire Ɗaya

Shekara goma sha tara ina ciyar da fataken Kano a ɗakina na unguwar Faisal, a nan ƙasar Larabawa, tuwo da miyar kuka, ɗana kuma yana kai su kasuwar Ataba su sari kaya, ya ɗaure, ya aika musu gida. Da haka muke ci. Sai baƙi suka fara zamewa wajen dillalai masu ofis da kwat. Wata uku ba wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ran nan ina shara, tsintsiya ta taɓo jaka a ƙarƙashin gadon ɗana, a ɗaure, fasfo a sama. Na san inda samarin unguwarmu ke nufa da irin wannan jaka: teku, su ƙetare a kwale-kwale neman arziki. Ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kamawa ba, balle in ce masa kada ka tafi.

Da wasu alhazai uku na kasuwar Kwari ta Kano suka sauka, ɗana ya ce wannan karon gidan abincin Italiyawa zai kai su a unguwar Madinat Nasr, su ga shi ma ya waye.

"Inna, in waɗannan ma suka kuɓuce, khalas, shi ke nan."

Na ce zan je. Ya ce in yi me? Na ce zama.

Bayan magariba na zauna a tebur na daban, inda nake hango su. Mai kawo abinci ya miƙa wa kowa doguwar takarda ya zaɓa. Ni ban san rubutu ba, amma fuskar mai jin yunwa na san ta. Babbansu ya juya takardar, ya ajiye.

"Alhamdulillahi, mu a ƙoshe muke. Ruwa ma ya isa."

Sauran biyun suka bi shi. Mutanen da tun hantsi suke gararin kasuwa! Wane baƙo za a tambaya me zai ci ya buɗe baki ya faɗa? Ajiye masa ake yi, a ba shi wuri. Amma tsoro ya toshe wa ɗana kai, ya yarda da su. Aka kwashe takardu. Ya fito da waya yana nuna musu hotunan abaya, yana ta zuba. Ba mai kallo. Babban ya duba agogo, ya ce isha ta kusa.

Na tashi na tare mai kawo abincin a bakin kicin.

"Ya ibni, yarona, taliyar nan taku mai jar miya da nama, ta mutum shida, a tire ɗaya."

"Ma'alish, yi haƙuri ya hajja, nan kowa da farantinsa."

Na riƙe hannun rigarsa. Ni da ko gishiri ban taɓa roƙa a maƙwabta ba, na ce masa in mutanen can suka tashi da yunwa, ɗana teku zai shiga. Ya dube ni, ya shige ciki.

Tiren da suke ɗaukar farantai da shi ya cika ya kawo. Na zaro ƙullin yaji daga jakata na dire a gefe.

"Alhaji, abinci ya riga ya sauka, ba ya komawa." Na juya ga ɗana. "Kai, tashi ka raka ni waje."

"Inna, yanzu?"

"Yalla, mu je."

A bakin titi ya yi ta huci, wai na kunyata shi a gaban mutane. Na tsaya nan har na tabbata sun gama ci.

Da muka koma tire ya zama wayam, cokula na gefe ba a taɓa su ba. Babban yana goge yatsu ya ce, "Hajiya, ashe Italiyawa sun iya taliya, yaji ne Allah bai ba su ba." Ya dubi ɗana. "Gobe da hantsi ka zo masauki, kai za ka ɗaure nawa kayan. Waɗannan biyun sun riga sun yi alkawari da wani."

Ɗaya cikin uku. Bai tafi ba, amma jakar bai kwance ta ba. Kullum da safe sai na tura tsintsiya ƙarƙashin gadon, in ji ta tokare, sannan in ɗora tukunya.