Kalmar da Yaya Sabo Bai Ƙarasa Ba

Wata Laraba ce a farkon damina, 'yan shekaru bayan soja sun miƙa mulki ga farar hula. Ina tsakar gidanmu a Gwammaja ina tankaɗen garin tuwo, ƙannena na 'yar gala-gala a bakin rijiya, sai muka hango hayaƙi ta wajen Sabon Gari. Wai an kashe Musulmi a wani gari mai nisa, shi ne samari suka fito ramuwa a kan Kiristocin da ba su ji ba, ba su gani ba. Inna ta saki muciya, don yayana Sabo yana can, a shagon da yake koyon gyaran rediyo.

Yaya Sabo mai i'ina ne. Kafin ya ce "Binta" sai in kai zaure in dawo, shi ma yana dariya. Amma fa in ya rera karatu a makarantar allo, harshen nan ko gargada ba ya yi. Fari ne tas, kullum cikin ƙananan kaya saboda aiki.

Bai dawo ba. Washegari wani ɗan dako da ya san Baba a Kasuwar Kurmi ya kawo labarin. A Ƙofar Mazugal samarin nan masu ramuwa suka tare Yaya Sabo, saura ƙiris ya iso gida. Suka dubi kayan jikinsa, suka ce in Musulmi ne ya yi kalmar shahada. Tsoro ya haɗu da i'ina, ya maƙale a "La… la…". Ba su jira ba.

Mata suka cika gidanmu gaisuwa, da yawansu sun ɗauka Kiristoci ne suka kashe shi, suna ta cewa Inna ta yi haƙuri, ɗanta ya yi shahada. Inna, wadda ban taɓa jin ta mayar wa baƙo magana ba, ta ɗago ta ce, "Wace shahadar? Ai ba su bar shi ya ƙarasa ba." A zaure kuma wani ya ce kuskure aka yi, tunda Musulmi ne. Baba ya tambaye shi ko sauran da aka kashe ba uwa ce ta haife su ba.

A da kaf layinmu babu wanda bai san muryar karatunsa ba. Yanzu an cike rijiyar, Inna da Baba sun rasu, yaran unguwa ko sunansa ba su sani ba, abin nan yana ci mini rai. Har yau in adaidaita sahu ta bi da ni ta Ƙofar Mazugal, sai in tsinci bakina yana ƙarasa masa kalmar.